An ce jaririnmu yana da lalurar Down: hukuncin Allah ne, kuma mu bar asibiti mu jira warkarwa?

Tambayar ta fito daga wata uwa Kirista da ta haihu kwana 10 da suka wuce. Likitoci sun shaida mata cewa ɗanta yana da lalurar Down, sun kuma ba su ranar ɗaukar hoton zuciyarsa. Wasu dangi sun fara raɗe-raɗin cewa alhakin wani zunubi ne, wani ɗan'uwa a ikkilisiya kuma ya ce komawa asibiti ƙarancin bangaskiya ne, gara su shiga azumi har Allah ya sāke yaron. Tana so ta san ko hukunci ne ya sauka a kansu, da kuma abin da ya kamata su yi.

'Yar'uwa, barka da arziki, Ubangiji ya raya shi. Ba hukunci ba ne, kuma kada ku ɗaga ranar hoton zuciyar nan ko da kwana ɗaya. Ga dalilai.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace ƙwaya tana ɗauke da kuromosom 46, biyu-biyu har gida 23, rabi daga uwa rabi daga uba. A cikinsu aka shirya yadda jiki zai girma. Ɗanki yana da 47, domin na lamba 21 ya zo uku maimakon biyu. A cikin yara 100 masu wannan lalura, wajen 95 abin ya faru ne tun lokacin da ƙwan mace ko ƙwayar maniyyin namiji ke samuwa, inda kuromosom biyun suka ƙi rabuwa. Wato tun kafin ki san kina da ciki an riga an wuce wurin. Abin da kika ci, da aikin da kika yi, da ɓacin ran da kika shiga da ciki, babu ɗaya da ya jawo shi. Ana samunsa a kowace ƙasa da kowace kabila, kusan haihuwa 1 cikin 700 zuwa 1,000. Gaskiya ne shekarun uwa suna ƙara yiwuwarsa, kusan 1 cikin 350 a shekara 35, 1 cikin 100 a shekara 40, amma yawancin waɗannan yara mata 'yan ƙasa da 35 ne suka haife su, tun da su suka fi haihuwa.

Wani likita a Ingila, John Langdon Down, shi ya bayyana siffofin lalurar a 1866, amma sai a 1959 aka gano dalilinta a Faransa, ta hannun Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin. Kafin nan iyaye mata sun daɗe suna shan zargi a kan abin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Shi Lejeune ɗin ɗan Katolika ne mai riƙo da addini ƙwarai, ya ƙare rayuwarsa yana duba irin waɗannan yara yana kāre mutuncinsu, bai taɓa ganin ɗakin gwaji a matsayin kishiyar addu'a ba.

Tambayar da danginku ke yi an yi wa Yesu ita baki da baki. A Yohanna sura 9 almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Zaɓi biyu suka ba shi, ya ƙi duka biyun, ya ce domin a bayyana ayyukan Allah a kansa ne. Masu maganar la'anar gado sukan jawo Fitowa 20:5, inda aka ambaci alhakin iyaye a kan 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. To su ci gaba da karatu su kai Ezekiyel sura 18, inda Allah da kansa ya hana a ƙara yin karin maganar nan ta iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya sun mutu, ya ce ɗa ba zai ɗauki alhakin ubansa ba. Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'ana, Romawa 8:1 kuma ta ce babu sauran hukunci ga waɗanda ke cikinsa. Abokan Ayuba sun shafe surori suna lalube cikin rayuwarsa don gano zunubin da ya jawo masa wahala, a ƙarshe su Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Ɗanki yana cikin siffar Allah cif-cif kamar kowane mutum, Farawa 1:27 ba ta gindaya sharaɗin yawan kuromosom ba.

Duk da haka, idan kina kuka da dare, ko kina jin haushi, ko kin kasa yin addu'a, ba ki fāɗi daga bangaskiya ba. Kin yi wata tara kina zana wani yaro a zuciyarki, sai aka miƙo miki wani labari dabam, dole rai ya girgiza. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne. Ta 13 ta buɗe da tambayar Allah har yaushe, ta 88 ta rufe cikin duhu ba tare da wata ta'aziyya ba, kuma duka an bar su cikin Littafi Mai Tsarki don mu yi addu'a da su. Ƙaunar yaro da baƙin cikin halin da ya zo da shi sukan zauna a zuciya ɗaya. Amma ki lura da wannan: idan baƙin cikin ya wuce mako 2 bai sassauta ba, ba kya iya barci ko da yaron yana barci, abinci ya fita ranki, ko tunanin cutar da kanki ko shi yana zuwa miki, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Yana da magani, ki gaya wa likita da maigidanki a ranar.

Sai batun barin asibiti, wanda shi ya fi damuna, domin a nan ne shawara mai kama da ibada take iya cin ran yaro. Kusan rabin jariran da ke da lalurar Down ana haifarsu da matsala a zuciya. Wadda ta fi yawa ita ce rami a tsakiyar zuciya, inda bangon da ya raba dama da hagu bai haɗu ba, ƙofofin jinin ma ba su rabu daidai ba. Abin da ke yaudarar iyaye shi ne a makonnin farko yaron yakan zama kamar lafiyarsa ƙalau, wani lokaci ko likita ya kasa kunne ba ya jin wata ƙara. Dalili kuwa jijiyoyin huhun sabon jariri a matse suke, suna tare jini. Daga mako 4 zuwa 8 sai su saki, jini ya riƙa kwarara ta ramin zuwa huhu fiye da kima, a nan alamu ke fitowa. Idan aka bar abin haka, jijiyoyin huhun sukan yi kauri su taurare, kuma a yara masu lalurar Down hakan yana faruwa da wuri fiye da sauran yara. Shi ya sa ake yin aikin gyara irin wannan rami yawanci tsakanin wata 3 zuwa 6. Idan jijiyoyin suka riga suka lalace, tiyatar da da za ta gyara zuciyar ba ta yiwuwa kuma. Wanda ya ce ku jira shekara guda ku ga abin da Allah zai yi bai san cewa jiran ne ke rufe ƙofar ba.

Hoton da za a ɗauka, wanda likitoci ke kira eko, ba ya ciwo, ba allura, na'ura ce ake gogawa a ƙirji kamar hoton cikin da aka yi miki. Ko an ce zuciyar lafiya take ko an ce akwai rami, ki san waɗannan alamu: numfashi sama da 60 a minti ɗaya yana kwance shiru (ki buɗe rigarsa ki ƙirga tashin cikinsa minti guda cur), haƙarƙari yana lotsawa ciki, gumi a goshi lokacin shan nono, gajiya bayan 'yan tsotso kaɗan, leɓe ko harshe ya yi shuɗi-shuɗi, nauyi ya tsaya. Ɗaya daga ciki ya isa a koma asibiti ba sai ranar da aka ba ku ba. Haka ma zazzaɓi na digiri 38 a jaririn da bai kai wata 3 ba, da amai kore, da ciki mai kumburi tare da rashin yin kashi. Toshewar hanji tana cikin abubuwan da ke zuwa da wannan lalura, kuma ba a kwana da ita a gida.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa sa magani da bangaskiya a kan sikeli ɗaya ba. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Bayan Allah ya yi wa Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, Ishaya ya sa a ɗora curin ɓaure a kan marurun. Lokacin da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya dira daga ƙololuwar Haikali tun da mala'iku za su tare shi, har da jawo aya, Yesu ya amsa cewa kada a gwada Ubangiji. Ƙin kai yaro mai ramin zuciya wurin likita don a nuna bangaskiya ya fi kama da wannan dirar.

Me za a roƙa, to? Allah mai iko duka ne, ba mai yi masa iyaka. Amma ki sani ƙarin kuromosom ɗin yana cikin ƙwayoyin jikin ɗanki tun daga gashi har farce, kuma babu ƙwayar magani ko sinadarin ƙarin lafiya ko maganin gargajiya da ke cire shi. Duk wanda ya nemi kuɗinku da alkawarin haka, ko da sunan magani ko da sunan baikon "shuka iri" a coci, ku riƙe kuɗinku. A ganina, iyayen da suka rataya dukan begensu a kan yaron ya tashi wata rana ba lalurar sukan yi shekaru suna kallon ɗansu kamar addu'ar da ba a amsa ba, kuma yaro yana jin wannan tun kafin ya iya magana. Ku roƙi abubuwa da sunansu: tiyata ta yi kyau, huhu ya yi ƙarfi, ya kama nono, ya ji, ya gani, ku sami haƙuri da juna, ya girma ya san Yesu. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Ba wanda zai ce Bulus ya gaza a bangaskiya.

Game da azumi, ke mai shayarwa ce, yaronki kuma tsotsonsa ba ƙarfi, don haka dogon azumi, musamman wanda ba a shan ruwa, ba naki ba ne yanzu. Maigida da 'yan'uwa su ɗauka a madadinki. Idan dattawan ikkilisiya suka zo shafa mai bisa ga Yaƙub 5:14, a ɗan shafa a goshi ya isa. Kada a ɗura masa mai ko ruwan addu'a a baki. Yaran nan haɗiyarsu ba ta da tsari sosai, abu yakan sulale zuwa huhu ba tare da ko tari ba, mai kuwa idan ya shiga huhu yana haddasa ciwon huhu mai wuyar magani. Mai ɗora hannu ya ɗora a hankali, ba dannawa ba girgizawa, domin wuyansu sako-sako ne.

Shayarwa ita ce aikin da zai fi cin lokacinki a watannin nan. Naman jikinsa a sake yake, bakinsa ƙarami, ga yawan barci, sau da yawa ba ya kukan yunwa. Kada ki jira ya nema. Ki tashe shi kowane awa 2 zuwa 3, har da dare, ya zama ya sha sau 8 zuwa 12 a yini da kwana. Ki kwance masa kaya, ki canza kunzugu, ki shafa tafin ƙafarsa har ya farka sosai. Ki fara tatso nono kaɗan don ya zubo kafin ki sa shi, saboda kada ƙarfinsa ya ƙare a jawowa. Ki tallafe nonon da yatsu uku daga ƙasa, haɓarsa ta zauna a kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuni, yatsun biyu suna ɗan riƙe kumatunsa. Wannan yana taimaka masa ya rufe baki a kan nonon. Ki duba harshensa yana ƙasa, domin yakan manne a ganɗa. Jikinsa ya ɗan miƙe, kai sama da ciki. Idan ya wuce minti 30 yana fama, ƙarfin da yake kashewa ya fi abin da yake samu, sai ki tatsa a ba shi ta hanyar da ma'aikatan jinya suka nuna. Ma'aunin ko yana ƙoshi shi ne kunzugu jiƙaƙƙe aƙalla 6 a rana, da komawa nauyin haihuwarsa wajen mako 2, da awo a kai a kai. Idan aka ce sai an sa masa siririyar roba ta hanci na ɗan lokaci, ba gazawarki ba ce. Tari ko shaƙewa ko canjin launi lokacin sha, a gaya wa likita.

Akwai wasu gwaje-gwajen da iyaye kan manta saboda ba a ganin matsalar da ido. Gwajin tayirod, wata kaluluwa a maƙogwaro da ke tafiyar da girman jiki da ƙwaƙwalwa, ana yinsa lokacin haihuwa, a wata 6, a shekara 1, sannan kowace shekara. Idan ta yi kasala yaro yakan ƙara sanyin jiki da barci, sai a ce ai halin lalurar ne, alhali ƙwaya ɗaya a rana tana gyara shi. Ji ma haka: kunnuwansu hanyarsu siririya ce, ruwa yana taruwa a bayan dodon kunne, kuma yaron da ba ya ji sosai maganarsa za ta ƙara jinkiri, don haka a gwada a watan farko a maimaita a wata 6. A duba idonsa tun yanzu saboda yanar ido, likitan ido kuma ya gan shi kafin wata 6. A yi gwajin jini na ƙirga ƙwayoyi idan ba a yi ba. Allurar rigakafi duka a kan lokaci. Tsakanin wata 3 da shekara 1, idan kika ga yana zabura a jere, kai ya faɗo gaba hannuwa su ware, sau da yawa bayan tashi daga barci, ki ɗauka a waya ki kai wa likita cikin gaggawa. Wata irin farfaɗiyar jarirai ce da ake ɗauka ciwon ciki ne, jinkirin maganinta kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa. Ku sayi littafi guda ku riƙa rubuta ranaku da sakamako da nauyi da tambayoyinku, domin likitoci da yawa za ku gani, ku ne kaɗai za ku kasance a kowane zama.

Zai yi murmushi, zai zauna, zai yi tafiya, zai yi magana, a nasa lokacin. Yawancinsu suna zama wajen wata 9 zuwa shekara 1, tafiya kuma wajen shekara 2, wasu kafin haka wasu har 4. Masu gashin ƙashi su fara ganinsa tun watannin farko. A gida, ki kifa shi a ƙirjinki ko a shimfiɗa mai ɗan tauri yana farke kina kallo, minti 2 zuwa 3 sau da yawa a rana, kina ƙarawa sannu a hankali. Barci kuwa a rigingine kullum. Kada a ɗaga shi ta hannuwa, gaɓoɓinsa suna da saki. Ki riƙa yi masa magana fuska da fuska, ki jira amsarsa fiye da yadda kika saba, domin takan zo a makare. Waƙoƙin sujada da kike rera masa suna cikin darasinsa na farko na magana. A Amurka matsakaicin tsawon ran masu lalurar ya tashi daga shekara 25 a 1983 zuwa kusan 60 a yau, yawanci saboda tiyatar zuciya da maganin cututtuka da kuma renonsu a gida cikin iyali. Ba wanda zai iya gaya miki yau iyakar abin da ɗanki zai iya, ko likita ko fasto.

Ɗan'uwa maigida, wannan naka ne. Mutane za su nemi inda za su jingina laifi, kuma matarka ce mafi kusa. Kai za ka tsaya a gaban danginka ka ce ɗanka ne, ba ka yarda a zargi kowa ba. Ka je asibiti tare da ita, ka koyi ƙirga numfashi, ka karɓi wani sashe na dare. Idan akwai yayye, a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, cewa ƙaninsu zai koyi abubuwa a hankali kuma ba laifin kowa ba ne, a kuma ware wa kowannensu ɗan lokaci nasa.

Kada ku ɓoye shi daga ikkilisiya. Bulus ya ce gaɓoɓin jiki da ake gani kamar raunana su ne ba a iya yi sai da su, Yesu kuma ya ji haushin almajiran da suka tare yara daga zuwa wurinsa. Baftisma ko miƙa yaro, bisa ga koyarwar ikkilisiyarku, hakkinsa ne kamar kowane ɗa. Idan za a shiga tiyata ku gaya wa fasto ko fada tun da wuri. Katolika da Angilika da Lutaran suna da tanadin baftismar gaggawa a asibiti. Sai dai kafin a gyara zuciyar, mura kaɗan tana iya zama masa ciwon huhu, saboda haka kada a riƙa yawo da shi hannu zuwa hannu, mai tari ya gaisa daga nesa, mai ɗauka ya wanke hannu, ku zauna nesa da lasifika. Idan likita ya ce a guji taro na wasu makonni, a kawo muku sujadar gida. Masu cewa "in kuna bukatar wani abu ku faɗa" da zuciya ɗaya suke faɗa, amma ba su san me za su yi ba. Ku ba su aiki takamaimai: wannan ya kai ku asibiti ranar awo, wannan ta ɗauko yara daga makaranta, wannan ta riƙe jariri awa 2 ki yi barci. Ku kuma roƙi asibiti ta haɗa ku da iyayen da ɗansu ya girmi naku da 'yan shekaru.

Tambayar haihuwa ta gaba za ta zo, ko ba yanzu ba. Amsarta tana cikin gwajin jinin ƙirga kuromosom da ake kira kariyotaif, don haka ku nemi a yi wa yaron, ku adana takardar. Idan irin wanda ya fi yawa ne, yiwuwar maimaituwa kusan 1 cikin 100 ce, ko gwargwadon shekarun uwa idan hakan ya fi. A yara 3 zuwa 4 cikin 100, ƙarin kuromosom ɗin manne yake da wani, kuma a wasu daga cikinsu uwa ko uba yana ɗauke da wannan mannewar yana lafiya lau bai sani ba. A nan ne kaɗai ake gwada jinin iyaye, domin yiwuwar takan kai 10 zuwa 15 cikin 100 idan uwa ce ke ɗauke da ita, ƙasa da haka idan uba ne. Ku je karɓar wannan sakamako ku biyu, ku nemi likitan ya zana muku a takarda, kuma ku yanke shawara tun kafin ku shiga cewa abin da aka faɗa a ɗakin naku ne, ba sai dangi sun ji ba.